Kakar da Masu Gida Suka Rushe Gidansu da Hannunsu

A watan Yulin 2022 aka rufe kakar gasar ƙwallon ƙafa ta ƙwararru ta Najeriya, wadda aka fara a Disamban 2021. Rivers United ta Fatakwal ce ta ɗauki kofi, karo na farko a tarihinta. Daga ƙasan tebur kuwa, cikin ƙungiyoyi 20, huɗu suka faɗa rukuni na biyu: MFM ta Legas, Heartland ta Owerri, Katsina United, sai kuma wadda ba wanda ya yi zato, wato Kano Pillars, Sai Masu Gida.

Mai karatu zai iya cewa, me ya haɗa malamin makarantar boko da ke Kwaya, cikin ƙasar Magariya, da ƙungiyar ƙwallon wata ƙasa? Amsar ba ta da wuya ga wanda ya san yankinmu. Daga Magariya ko Dungas, Kano ta fi Yamai kusa nesa ba kusa ba. Kasuwarmu can ta fuskanta, ƴaƴanmu can suke zuwa cin rani da neman karatu, gidajen rediyon can muke saurare. Abin da ya faru a filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata da yamma, kafin a yi sallar isha ya iso wayoyin matasanmu a fada, suna kallo suna kurɓar shayi. Don haka abin da aka yi a can, darasi ne da ƴaƴanmu suka ɗauka, ko mun so ko mun ƙi. Abin da ya rage shi ne mu tambayi kanmu wane darasi suka ɗauka.

Ra'ayina shi ne, babban abin da ya karya Pillars a wannan kaka daga cikin gida ya fito. Mutanen da ke rantsuwa da ƙaunarta ne suka kasa jure abin da bai yi musu daɗi ba. Wannan ciwo na rashin iya ɗaukar kaye kuwa ba a manyan filaye ake kamuwa da shi ba. A gida ake ɗauko shi, a makaranta yake girma, a filin bayan gari yake nuna kansa. Shi ya sa na ga maganar ta shafe mu, mu malamai da iyaye, fiye da yadda ta shafi masu sharhin wasanni.

Bari mu fara da tuna ko wace ce Pillars, don mu gane girman faɗuwar. An kafa ta a 1990. Ta ci gasar ƙasa sau huɗu: 2008, 2012, 2013 da 2014, ukun ƙarshe a jere. A 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka, ta kai wasan kusa da na ƙarshe, inda Heartland ta tsayar da ita. A cikinta Ahmed Musa ya yi suna kafin ya tafi Turai, ya ci ƙwallo 18 a kaka guda, kuma ya dawo ya sake saka rigarta a 2021. A 2019 ta ɗauki kofin ƙalubale a Kaduna bayan ta doke Niger Tornadoes a bugun fenariti. Abin da ya fi duk waɗannan shiga bakin jama'a shi ne, daga 2003 har zuwa Agustan 2015 ba a doke ta a gida a wasan gasa ba, wasa 202, sai ranar da Nasarawa United ta zo ta ci ta 2 da 1.

Ku riƙe wannan lissafi na shekara 12, zan dawo kansa.

Kakar 2021 zuwa 2022 ta zo wa ƙungiyar da rauni tun farko. Ta daɗe ba ta wasa a Kano, a Kaduna take karɓar baƙi, sakamako kuma ba ya kyau. Magoya baya suka yi ta kiran a mayar musu da ƙungiyarsu gida, suna cewa da zarar an dawo Ƙofar Mata komai zai daidaita. A watan Afrilun 2022, cikin azumi, aka dawo. Baƙuwar ranar ita ce Katsina United, maƙwabciya, ƴar'uwa, wadda ita ma take fafutukar tsira. Wasa ya yi nisa babu wanda ya ci wani, sai ƴan kallo suka kutsa cikin fili, aka dakatar da wasa, aka farfasa motar baƙi. Hotunan motar nan babu gilashi sun zagaye wayoyi har nan wajenmu. Hukumar da ke gudanar da gasar ta ci ƙungiyar tarar naira miliyan 9, ta cire mata maki uku, ta kuma mayar da wasanninta na gida Abuja. Gidan da aka daɗe ana kuka a dawo, a yini ɗaya aka sake rasa shi.

Da a nan abin ya tsaya, da sai a ce ai aikin ƴan zauna-gari-banza ne, waɗanda babu garin da ba su. To amma a watan Yuni, a wasa da Dakkada ta Uyo, bayan baƙin sun farke ƙwallon da aka ci su ana dab da tashi, shugaban ƙungiyar da kansa aka gani a bidiyo ya kai wa mataimakin alƙalin wasa hannu. Hukumar gasa ta kore shi daga harkokinta, gwamnatin jihar Kano kuma ta sauke shi daga kujera. An nemi a mayar wa ƙungiyar makin da aka cire, ba a mayar ba. Da kaka ta ƙare, Pillars da Katsina United suka faɗi tare.

A ƙwallo, maki uku shi ne ladan nasara guda cikakkiya. Ƴan wasa sun yi atisaye, sun sha rana, sun yi doguwar tafiya a mota, wani ya ji rauni, kafin su samo shi. Mutanen da ba su taɓa buga ko minti ɗaya ba suka zubar da shi, kuma da sunan ƙauna suka zubar.

Na san abin da masoya Pillars za su ce, kuma ba zan yi kamar ban ji ba. Za su ce alƙalancin wasa a gasar Najeriya yana da matsala, an daɗe ana kuka da shi, kuma ba ƴan Kano kaɗai ke jifa ba, su ma an sha tare su a garuruwan wasu. Za su ce ba maki uku kaɗai ya kayar da ƙungiyar ba, ai da tana cin wasanninta da ba ta tsaya ƙirgen maki ɗai-ɗai ba. Duk wannan akwai gaskiya a ciki. Sai dai ina da tambaya guda: dukan alƙali ya taɓa gyara alƙalanci? An taɓa fasa motar baƙi aka wayi gari an ƙara wa masu gida maki? Idan an zalunce ka akwai inda ake kai ƙara, ko da ana jinkiri. Idan ka ɗauki dutse kuwa, ka mayar da kanka mai laifi, maganar zaluncin da aka yi maka ta bi ruwa. Ƙungiya mai rauni kuma ita ta fi buƙatar magoya baya masu haƙuri, don ita ce ba ta da makin da za ta yi asara.

Yanzu mu koma ga shekara 12 ɗin nan. Yaron da ya fara zuwa kallo yana ɗan shekara 8 a 2003, ya kai shekara 20 bai taɓa ganin an doke ƙungiyarsa a gida a wasan gasa ba. Ya tashi da imanin cewa nasara a gida haƙƙinsa ce, ba abin da ake nema a samu ko a rasa ba. Ranar da bai samu ba, ba zai ce an fi mu ba, cewa zai yi an cuce mu. Ban ce wannan ne kaɗai dalilin abin da ya faru ba, amma duk malamin da ya daɗe a aji ya san irin wannan yaro. Shi ne wanda ba a taɓa ce masa a'a a gida ba. Shi ne wanda idan ya yi faɗa da ɗan maƙwabta, uwa ke fitowa da zage-zage ba tare da ta tambayi ba'asi ba. Shi ne wanda ake wucewa da shi aji bayan aji bai iya haɗa baƙi ba, don kada ran kowa ya ɓaci, har ya isa jarrabawar BEPC ya tarar da takarda ba ta san ɗan wane ba.

A makarantar horar da malamai an koya mana yadda ake shirya darasi, yadda ake riƙe aji, yadda ake auna fahimtar yaro. Abin da aiki ya koya mini daga baya shi ne, ranar raba sakamako ta fi kowace rana nuna tarbiyyar gida. Na taɓa ganin uba ya shigo wata makaranta da sanda a hannu saboda an ce ɗansa zai maimaita aji. Bai nemi ganin littafin yaron ba, bai tambayi sau nawa ya yi fashi ba, malamin yake nema. Yaron yana tsaye yana kallo. Abin da ya koya a wannan safiya ya fi duk abin da aka koya masa a shekarar zama a ransa: idan hukunci bai yi maka daɗi ba, ka far wa mai hukuncin. Tsakanin wannan uba da shugaban ƙungiyar da ya kai wa mai ɗaga tuta hannu babu wani bambanci, sai dai ɗaya an ɗauke shi a bidiyo. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Kada kuma mu ɗauka abin na birni ne. Kowa a nan ya san yadda ake yi bayan kaka, idan an gama girbin gero da gyaɗa, matasa sun sami sarari. A shirya gasa tsakanin garuruwa, a sa rago ko kofi ko ƴan jikkuna. Sau da yawa malamin makaranta ake roƙo ya hura usur, don ana ganin shi ne ba ɗan kowane ɓangare ba. Wasa nawa ne ake tashi lafiya? Sau nawa aka bar fili da gudu saboda fenariti guda? Akwai garuruwan da ke auratayya, suna cin kasuwa ɗaya, suna binne mamatan juna, amma matasansu sun yi watanni ba sa gaisawa saboda ƙwallon da aka ce ta fita ko ba ta fita ba. Abin da ya fi damuna shi ne ba yara kaɗai ke shiga ba. Za ka ga magidanci da furfura a gefen fili yana zuga, yana kiran a kama alƙali. Ƴan firamare da ke zaune a kan katanga suna gani, kuma gobe su ne manya.

Wani zai ce ai wasa ne, ƙuruciya ce, za ta wuce. Ina roƙon mai wannan magana ya dubi inda irin wannan ƙuruciya ke kaiwa. A ranar 1 ga Oktoban 2022, watanni kaɗan bayan faɗuwar Pillars, ƙungiyar Arema ta ƙasar Indonesiya ta sha kashi 3 da 2 a gidanta a hannun babbar abokiyar hamayyarta Persebaya, abin da ya shekara fiye da 20 bai faru ba. Magoya baya suka shiga fili, ƴan sanda suka harba hayaƙi mai sa hawaye, aka yi turmutsitsi a ƙofofi, mutum 135 suka rasu. A nan Afirka ta Yamma, ranar 1 ga Disamban 2024, a garin Nzerekore na ƙasar Gini, gardama kan hukuncin alƙali a wasan ƙarshe na wata gasar cikin gida ta jawo jifa da hayaƙi da turmutsitsi. Hukuma ta ce mutum 56 suka mutu, da yawansu yara. Wanda ya fara jefa dutse a waɗannan wurare bai fito gida da niyyar kashe kowa ba. Haushi kawai ya ji, kuma ba wanda ya taɓa koya masa abin da ake yi da haushi. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Abin mamaki, muna da maganin a cikin al'adarmu. Kokawa ita ce wasan da ya fi kowane farin jini a Nijar, kuma tun 1975 da aka fara gasar ƙasa a Tawa ake neman takobi. Ban ce ba a gardama a filin kokawa ba, ana yi. Amma ka lura da ƙa'idarta: wanda ya taɓa ƙasa ya faɗi, a gaban dubban mutane, da makaɗa, da ƴan garinsu. Sau da yawa wanda ya yi kayen ne ke miƙa hannu ya ɗaga shi, su rungumi juna, wanda aka kayar ya karkaɗe jikinsa ya koma ya shirya wa baɗi. Babu ɗan kokawar da ya zama gwani bai sha ƙasa ba. Kakanninmu sun san kaye wani ɓangare ne na koyo. Mu ne muka zo muna so mu raini ƴaƴan da bayansu ba zai taɓa ƙasa ba, kuma irin wannan ɗa babu shi a duniya.

To mene ne abin yi? Ba ni da iko a kan hukumar ƙwallon Najeriya, amma ina da aji, ku ma kuna da gida.

Ga ƴan'uwana malamai: mu daina ɗaukar lokacin wasa a matsayin lokacin hutunmu, mu jefa wa yara ƙwallo mu koma inuwa. A nan ne halin yaro ke fitowa fili. Kafin a fara wasa tsakanin azuzuwa, a karanta ƙa'ida kowa ya ji, har da hukuncin wanda ya zagi alƙali. A riƙa ba yara usur bi da bi. Yaron da ya taɓa yin alƙalanci, ya ji yadda ake yi masa ihu ta kowane gefe alhali ya yi iya ƙoƙarinsa, da wuya ya ɗaga wa alƙali hannu idan ya girma. A tashi wasa da musabaha, waɗanda aka ci su fara miƙa hannu. Idan ƴan kallon wani aji suka shiga fili, a cire wa ajin maki, ko da ƴan wasansu ba su yi laifi ba. Za su ce ba a yi musu adalci ba. Sai a ba su labarin Pillars, a nuna musu haka dokar take har a wurin ƙwararru: laifin mai goyon baya a kan ƙungiya yake faɗawa. Mu kuma mu tsare gaskiya a namu alƙalancin, a fili da kan takarda. Malamin da ke ƙara wa ɗan mai kuɗi maki ba shi da bakin koya wa kowa girmama hukunci.

Ga iyaye: idan ɗanka ya dawo ya ce malam ya zalunce shi, ka saurare shi, amma kada ka yanke hukunci da bakin mutum ɗaya. Ka zo makaranta ka tambaya, ka nemi ganin takardunsa. Idan ka ga an yi kuskure, akwai darakta, akwai kwamitin COGES, akwai ƙungiyar iyayen yara, akwai masu duba makarantu. Malami mutum ne, yana kuskure, kuma akwai hanyar gyara shi wadda ba a gaban ɗanka ba. Idan kuma ka tarar yaron ne bai yi ƙoƙari ba, ka bar shi ya ji zafin faɗuwar, sannan ka kama hannunsa ka tashe shi. Maimaita aji ba mutuwa ba ce. Gara ya faɗi yana ɗan shekara 10 kana kusa da shi, da ya fara sanin faɗuwa yana ɗan shekara 25 a wurin da ba mai rarrashinsa. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ga masu gari da shugabannin fada da ke shirya gasa: kafin a sayi rago, a zauna a yi yarjejeniya a gaban manya. Garin da mutanensa suka taɓa alƙali ko baƙi, an fitar da shi, baɗi ma ba zai shiga ba. Kuma idan abin ya faru a zartar, ko garin maigari ne. Baƙon da ya zo wasa garinku amana ne har ya koma gida.

Pillars ta dawo babbar gasa a 2023, tare da Katsina United da Heartland. Shekara ɗaya ta ishe ta gyara abin da ya lalace a tebur. Amma a watan Oktoban 2025, a wasa da Shooting Stars ta Ibadan, baƙi suka farke ana dab da tashi, ƴan kallo suka sake kutsawa fili suka far wa alƙalai. Aka sake cire maki uku, aka sake rufe filin, aka tura ƙungiyar ta riƙa karɓar baƙinta a Katsina, garin mutanen da aka fasa wa mota. Wannan ya nuna mini tara da cire maki suna hukunta ƙungiya, amma ba sa canza mutum. Wanda ya riga ya girma da wannan hali, ba hukumar gasa ce za ta sake masa tarbiyya ba.

Waɗanda za su cika filayen wasa nan da shekara 10, su yi zaɓe, su ji sakamakon da bai yi musu daɗi ba, su tsaya gaban alƙali a kotu a ba abokin shari'arsu gaskiya, yau suna zaune a gabanmu a kan tabarma da benci. Muna koya musu yadda ake cin jarrabawa da yadda ake cin wasa. Mu haɗa musu da yadda ake shan kaye a tashi a karkaɗe riga, domin wannan za su fi yawan buƙata a rayuwa.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba mu ikon zama abin koyi a gare su.